Ranar da Na Sa wa Mota Marar Direba Hanci

Juma'ar da ta wuce, a ɗakin Habu na unguwar Ulaisha, a nan Riyad, inda muke haɗuwa bayan an sauko masallaci, wani daga cikinku masu sabon lasisi ya ce tuƙi ba sana'a ba ce, tunda ga mota tana tuƙa kanta a titi. Wani ya karɓe da cewa ai waccan sakara ce, ko keke ya tsorata ta sai ta tsaya. Aka yi dariya, aka juyo ana jiran nawa, ni kuwa na ci gaba da juya shayi. Kun san shiru ba halina ba ne. Habu ma sai da ya ce, "Yau an ɗaure bakin rediyo." To ga abin da ban iya faɗa a gaban taro ba. Karatuna bai wuce aji uku ba a Tibiri, ku yi haƙuri da rubutun.

Sunana Isuhu, mutanen gidan da nake aiki suna ce mini Yusuf. Direban gida ne ni a unguwar Suwaidi. Ɗakina yana jikin ƙofar gida, da 'yar tukunyata da rishona da tabarmar sallah, kuma in ba mota aka ce in tayar ba, ba na son zuwa ko'ina. Habu yana cewa na fi kowa sanin titunan Riyad, na kuma fi kowa ƙin hawansu. Gaskiya ya faɗa.

Aikin farko da Baba Nomau ya ba ni ba tuƙi ba ne. Shi mutumin Tasawa ne, ya daɗe yana jan wani babba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shi ya karɓe ni da na zo. Na zo da taƙamar na ja motar kasuwa tsakanin Maradi da ƙauyuka. Ya ce in zauna a kujerar baya, in rufe ido, in riƙa faɗa masa abin da ke faruwa a titi. Sati guda muna haka. Ya ce direba da kunne yake fara gani. Ashe Allah ya ba ni kunnen. Kafin wata ya cika ina gane motar da ke bayanmu babba ce ko ƙarama, mai ita yana sauri ne ko fushi yake yi. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gidanmu ina ciki ina wanke shinkafa, na san ko mai kawo ruwa ne, ko maigida ne ya dawo da wuri, ko maƙwabci ne da bel ɗin injinsa ke kuka tun bara ya ƙi canzawa.

Bayan kunne sai finjali. Baba Nomau yakan cika finjalin gahawa da ruwa, ya ɗora a gaban mota, ya ce mu je. In ya zube, in sauka in goge, mu koma inda muka faro. Na goge gaban motar nan har ta yi ƙyalli. Ranar da na kai shi kasuwar Baɗaha na dawo ba ɗigo ɗaya, ina jiran yabo, sai ya ce, "Wannan finjalin gabanka ne. Na bayanka fa?" Na ce wane? Ya ce, "Duk motar da ke binka akwai mai riƙe da wani abu a ciki. In ka sa direbanta ya taka birki da ƙarfi, kai ka zubar." Na ce to, Baba. Na ce to ne kawai don a ba ni makulli.

Titin garin nan da magana ake bin sa, sai dai ba da baki ba. Oda gajeriya ɗaya gaisuwa ce ko tuni. Biyu a jere, matsa. Doguwa, an zagi iyayenka. Fitila daga baya, ba ni hanya yanzu. In mutum ya fito da hannu ya haɗe yatsu sama, yana cewa shuwayya, yi haƙuri kaɗan. Sannan akwai babban abin, wanda muke ce wa sa hanci: layi ya cushe, kana son shiga, sai ka tura gaban motarka kaɗan tsakanin mota biyu, ka nemi idon direban. In ya dube ka, ya ba ka. In ya kafe ido gaba kamar bai gan ka ba, ya hana, ka jira na bayansa. In ka shiga, ka ɗaga hannu. Roƙo ne, kun gane, ba ƙwace ba. Duk cushewar titi, mutum ne ke roƙon mutum, kuma kowa ya san in ya matsa da yawa wataran zai haɗu da wanda ya fi shi hauka. Wannan tsoron da wannan kunyar su ke riƙe da mu.

Na shiga gidan da nake yanzu ne saboda Mama, mahaifiyar kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki. Tana da ciwon baya tun kafin in zo, direbobi uku aka sallama saboda ita. Ranar farko ta shiga baya da finjalin gahawarta cike. Da muka isa gidan 'yar'uwarta ta duba abayarta, ta duba finjalin, ta ce, "Wa ya koya maka?" Na ce wani tsoho. Ta ce, "Allah ya ji ƙan iyayensa." Daga ranar kullum da finjali take shiga mota, kuma ban taɓa ganin ta kama mariƙin nan na saman ƙofa ba.

Shekarar da mata suka fara tuƙi ita ce mummunar shekararmu, mu direbobin gida. Ba laifin kowa ba ne, haƙƙinsu ne suka karɓa, amma ɗakunan jikin ƙofa sun yi ta zama ɗakin ajiya. Kowace Juma'a sai mun raka wani da jakarsa. Baba Nomau ma a shekarar ya koma gida, can ya rasu. A gidanmu matar maigida ta yi lasisi, 'yarsa babba ta yi. Ina cikin ɗaki na ji maigida a tsakar gida yana cewa babu amfanin sabunta iƙamar Yusuf, wato takardar zamana a ƙasar. Sai na ji sandar Mama, ƙwas, ƙwas, ta fito. Ta ce, "Duk wanda ya iya kai ni asibiti gahawata ba ta zube ba, ya kore shi." Shi ke nan. Zamana a ƙasar nan, da abin da nake aika wa gida, da karatun 'ya'yana mata biyu a Maradi, duk a kan maganar tsohuwar nan suke tsaye. Ku riƙe wannan.

Daga baya ƙodarta ta gaza, aka sa ta wankin ƙoda sau uku a sati, a wani asibiti can arewa wajen hanyar filin jirgi. Likita ya rage mata ruwa, finjali ɗaya ya bar mata da safe, a mota take shan sa a hankali. A hanyar nan na fara ganin motocin da ke tuƙa kansu. Farare ne, da wani abu a ka kamar an kifa tukunya. Akwai mutum a kujerar direba, amma hannunsa a cinya, aikinsa ya sa ido. Mu muna ce masa mai gadin sitiyari. Abin da ya fara ba ni haushi, ba ta da murya. Lantarki ce. Na saba in ji mota kafin in gan ta, wannan sai dai ka ɗaga ido ka tarar da ita a madubi kamar aljana.

Ba mu daɗe ba muka gane halinta. Tana sa sigina tun daga nesa. Tana barin fili tsakaninta da ta gaba wanda mota ɗaya da rabi za ta shiga. Ba ta oda, ba ta fitila, ba ta zuciya. In ka sa mata hanci babu idon da za ka nema, kuma ba ka bukata, don dole ta tsaya. A wurin ajiye motoci na asibiti, inda muke zama awa huɗu muna jira, hirar ke nan. Wani Bafakistane ya ce shi sau uku ya shiga gabanta a tafiya ɗaya. Wani ya ce in ka matse ta a shataletale sai ta daskare har a taru a bayanta. Ni da bakina na ce, "Wannan ce za ta karɓe mana aiki? Ko akuyar gidanmu ta fi ta zuciya." Aka kwashe da dariya. Na koya wa mutum biyar yadda ake yi: kada ka sa sigina, in ka sa tana rage gudu da wuri, ba daɗi. Ka bari sai kun zo daidai, ka faɗa. Ni da ake kawo wa sababbin zuwa in koya musu ladabin titi, ni na koyar da wannan.

Wata Talata da safe muka makara, don Mama ta tsaya neman carbinta. Mun kusa mafitar da ke sauka asibiti, layin dama ya cika, ni ina na tsakiya. Da mutum ne a wurin, da na rage gudu na roƙa. Sai na hango farar a layin, da filinta a gaba buɗe. Ban ma yi tunani ba. Na taka, na zo daidai ita, na karya sitiyari na faɗa. A cikin motarmu ko motsi babu, don na iya. Amma gilashina a sauke yake kaɗan, kuma na gaya muku kunnena. Na ji taya ta ciji kwalta. Bayansa na ji wani ƙum, maras ƙarfi, irin na jiki in ya bugi kujera. Na san abin da na ji. Na duba madubin ciki, Mama ta juya tana kallon baya, finjalinta a hannu cike. Ta juyo, muka haɗa ido.

Na sauke ta a ƙofar asibiti, ina fito da kekenta na marasa lafiya daga but, sai ga farar motar ta tsaya a bayanmu. Mai gadin sitiyarin ya fito da sauri, Basudane ne mai furfura kamar ni, ya buɗe baya. Wanda ya fito Abu Salih ne. Duk direbobin wurin sun san shi. Tsoho ne, shi ma wankin ƙoda yake zuwa, kullum da dabino a aljihu yana raba mana, yana tsokanata wai Larabcina na 'yan kasuwar raƙuma ne. Ɗansa ya samu aiki mai nisa, shi ya sa yake hawan wannan motar. Ya rungume hannunsa na hagu a ƙirji. Ku da ba ku sani ba, mai wankin ƙoda akwai hannun da likita ke haɗa masa jijiya, nan ake sa allura. Ba a ɗaukar kaya da shi, ba a kwanciya a kansa, ko agogo ba a ɗaurawa. Ashe ya sassauta bel ɗin kujera don kada ya danne wurin, da motar ta ci birki, da hannun ya tare kujera.

Yana faɗa da Basudanen. "Kai me aka ajiye ka ka yi? Mota tana tsayawa kamar jaki ya ga rami, kai kana zaune kamar amarya?"

Basudanen ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wani ne ya faɗo gabanmu." Ya ɗaga ido ya dubi motarmu, ya dubi lambarta, ya dube ni. Na ga ya gane. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, ya ammi."

Abu Salih ya gan ni, ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwa. "Yusuf, zo ka ji. Kai direba ne na gaske. Wannan abin mota ce?"

Ina riƙe da keken Mama, tana zaune a ciki, kunnenta bai fi taku ɗaya da bakina ba. Na ce, "Wallahi, ya ammi, haka suke. Ba su da hankali."

Da rantsuwa na faɗa. Basudanen bai ɗago ba.

Ranar ba a yi wa Abu Salih wankin ba. Hannun ya kumbura, jijiyar ta toshe, sai a wuya aka sa masa roba. Wani ma'aikacin jinya ɗan Kano da muke gaisawa ya gaya mini, bai san yana gaya wa mai laifi ba. Na zauna a wurin ajiye motoci awa huɗu. Bafakistanen nan ya zo da shayi yana cewa ya ji sakarar ta ji wa wani ciwo, ai dama ya faɗa. Na ce cikina ke ciwo, na shiga mota na rufe.

A hanyar komawa, da muka shigo Suwaidi, Mama ta kira sunana. Bayan wanki muryarta takan yi ƙasa, sai ka saurara. Ta ce, "Yusuf, na ga tuƙinka, kuma na ji rantsuwarka. Tuƙin kuskure ne." Ba ta ƙarasa ba, amma na gane: rantsuwar ba kuskure ba ce. Da muka tsaya ta ce, "Ranar Alhamis jikata za ta kai ni. Ba zan gaya wa ɗana dalili ba. In ka gama da mutumin nan da ka ji wa ciwo, ka zo ka gaya mini."

Alhamis na ji jikar tana tayar da mota, tana ba ta wuta da yawa. Ina ɗaki. Asabar ma haka. Na wanke motar da ba ta yi datti ba. Na gyara famfon lambu. Maigida ya tsaya a ƙofata ya ce, "Lafiya Mama ta ce ka huta?" Na ce lafiya. Ya yi ɗan jim yana kallon cikin ɗakin, irin kallon mai auna ko kwalaye nawa za su shiga. Na san in aka yi wata guda a haka, zancen iƙama zai dawo, kuma wannan karon babu sandar da za ta fito.

Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya kai ni asibitin ranar Talata. Akwai shi a ciki, amma kallon maigida ya fi tura ni. Wannan ma ku rubuta a kaina. Na hau jirgin ƙasa, na ƙarasa da ƙafa, na sayi dabino mai kyau, sai a ƙofa na tuna masu ciwon ƙoda ba a son su ci, shi ya sa ma yake raba nasa. Na tarar da shi a zauren jira, da bandeji a wuya, ya rame. Na durƙusa na ce, "Ya ammi, motar da ta faɗo gabanku, ni ne."

Ya ce, "Ɗana ya kai ƙara washegari. Suka nuna masa hoton, motar tana ɗaukar komai. Ya karanta mini lambar, na ce ban san ta ba." Ya gyara zama da ƙyar. "Na san ta. Shekara biyu ina ganin ta a ƙofar nan."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Hannun, na yafe, ƙaddara ce. Amma na zagi bawan Allah a gabanka, na kira shi amarya, ka tsaya kana taya ni. Wannan ba ni zan yafe ba. Ga shi can, shi ya kawo ni yau ma."

Basudanen yana tsaye jikin farar motar yana goge gilashi. Sunansa Usman, sai ranar na sani. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ci gaba da gogewa, ya ce, "Shekara ashirin na ja motar gida kafin a sallame ni. Na san abin da lamba ɗaya take yi wa iƙamar mutum, shi ya sa na yi shiru." Ya ninke tsumman. "A yini sau nawa kake jin ana yi mana haka? Kowa yana ganin ƙarfe yake tsoratarwa. Ni nake jin yadda na baya ke salati." Na miƙa masa dabinon don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ya ɗauki ɗaya, ya kira ni yadda mutanen Sudan ke kiran mutum, ya ce, "Je ka, ya zol. Ka riƙa sa sigina."

Na koma na gaya wa Mama. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Alhamis ƙarfe shida."

To ku masu sabon lasisi, ban ce motar nan ta fi mu ba. Akwai abin da ba ta iya ba, ba ta san tsohuwa ta gaji ba, ba ta san ramin da ke bayan masallacin unguwarmu ba. Abin da na sani shi ne, shekaru ina jin ana cewa Isuhu mai ladabin titi, ni ma na yarda. Ashe rabin ladabin tsoron oda ne da tsoron a sauko a ci kwalata. Ranar da na samu wadda ba ta ramawa, kun ji abin da na yi. Yanzu in na tarar da ita nakan bi bayanta, ko in bar mata filinta, na baya su yi ta oda. Habu ya ce na tsufa. Mutum biyar ɗin da na koya wa, uku na samu na warware musu, biyu sun canza asibiti, suna can suna yi.

Aikina yana nan. Maigida ya sabunta iƙama bai tambayi komai ba. Mama tana shiga da finjalinta kamar da, tana yi mini hirar jikoki, ran Juma'a ta aiko mini da shinkafa da nama. Sai dai tun daga ranar, duk lokacin da muka kusa mafitar asibitin nan, takan mayar da finjalin hannun hagu. Ba na duba madubi. Mariƙin saman ƙofar yana da 'yar ƙara in an ja shi, ƙiƙ, wadda ba kowa zai ji ba. Ni ina ji.